Wa Ke Biyan Kuɗin Neman Haihuwa? Waiwaye Daga Minna

Tun kafin a kafa ma'aikatar lafiya a ƙasar nan, rashin haihuwa yana da masu ɗaukar nauyinsa, su ne dangi. Idan mace ta shekara uku ko huɗu a ɗakin miji ko ɓatan wata ba ta yi ba, uwarta ce ke fara tashi tsaye. A je wajen malam a yi rubutu, a je wajen mai ganye a haɗo saiwa, wani lokacin har a kira 'yan bori su duba ko iska ce ta riƙe mahaifa. Akuya, ɗan kunne, zanen lefe, su ake sayarwa a biya. In an yi duk wannan ba a dace ba, sai a koma ga abin da ya fi kowane magani sanyaya zuciya: a ɗauko ɗan ƙane ko 'yar ya a ba ta riƙo, ta raina, ta aurar, ta ga jikoki.

Baba ta Karo, tsohuwar nan da Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aure huɗu ta yi ba ta taɓa haihuwa ba, amma ba ta tsufa ita kaɗai ba, saboda 'ya'yan da aka ba ta riƙo. A kudu da Minna kuwa, S. F. Nadel da ya zauna cikin Nufawa a tsakiyar shekarun 1930 ya lura da yawan matan da ba su da 'ya'ya a Bida, musamman cikin masu fatauci. Ke nan matsalar daɗaɗɗiya ce a wannan yanki, kuma jama'a sun yi mata tanadi gwargwadon ikonsu.

Tanadin bai rasa illa ba. Ɗan riƙo ba ya gado, kuma ranar da aka yi saɓani ana iya zuwa a ɗauke shi. Gorin kishiya da na dangin miji bai taɓa tsayawa don an ba mace riƙo ba. Cikin magungunan ma akwai masu cutarwa ƙwarai, kamar yankan gishiri da ungozoma ko wanzami ke yi wa mace da sunan buɗe mata hanya, wanda ya jefa mata da dama cikin yoyon fitsari. Duk da haka, mace ta san ƙofar da za ta buga, kuma ta san ba ita kaɗai za ta biya ba.

Minna gari ne da jirgin ƙasa ya raya. Layin dogo da ya taso daga Baro a bakin Kwara ya ratsa ta nan ya isa Kano a 1911, sai leburori da 'yan kasuwa da ma'aikata suka sauka kusa da tasha, a ƙasar Gwari. Asibitin da Turawa suka kawo na ma'aikaci ne da soja, sai kuma yaƙi da annoba irin su agana da ciwon barci. A Kwango ta Beljiyam, inda haihuwa ta yi ƙasa har masu mulki suka ji tsoron rasa leburori, an kashe kuɗi a kan cututtukan da ke hana mata ɗaukar ciki. A Arewacin Nijeriya jama'a na da yawa, haraji na shigowa, don haka macen da ba ta haihu ba ba ta tayar wa kowa hankali a ofis ba.

A watan Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta ciro Jihar Neja daga Jihar Arewa maso Yamma, Minna ta zama babban birni. Shekara biyu bayan haka abubuwa biyu suka faru a duniya da har yau muke cikin tasirinsu. A 25 ga Yulin 1978 aka haifi Louise Brown a Oldham ta Ingila, jaririya ta farko da aka haɗa ƙwan uwarta da maniyyin ubanta a ɗakin gwaji kafin a dasa a mahaifa, aikin Patrick Steptoe da Robert Edwards. A Satumbar wannan shekarar kuma ƙasashen duniya suka taru a Alma-Ata suka amince cewa kiwon lafiya matakin farko, wato rigakafi da ruwa mai tsabta da kula da mai ciki, shi ne abin da ƙasa matalauciya za ta sa gaba. Nijeriya ta bi Alma-Ata, kuma ta yi daidai. Kuskuren da aka yi shi ne ɗaukar rashin haihuwa kacokan a matsayin harkar Oldham, wato ta masu kuɗi da manyan na'urori, alhali mafi yawansa a wajenmu ciwo ne da ƙaramin asibitin unguwa zai iya tarewa.

Likitoci sun san haka tun a lokacin. Binciken da Farfesa Kelsey Harrison ya jagoranta a asibitin koyarwa na Zariya, wanda ya bi diddigin haihuwa 22,774 daga 1976 zuwa 1979, ya nuna abin da ke samun matan da ake kawowa a makare bayan doguwar naƙuda a gida: fashewar mahaifa, zubar jini, zazzaɓin jego, yoyon fitsari. Wadda ta tsira da ranta daga irin wannan, sau da yawa ba ta sake ɗaukar ciki ba. A 1985 kuma aka fitar da sakamakon wani babban bincike na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya kwatanta ma'aurata masu neman haihuwa a nahiyoyi daban-daban. Afirka ta fita daban. A nan mafi yawan matan da aka duba ƙwayoyin cuta ne suka yi musu ɓarna, toshewar bututun mahaifa ta ninka ta Turai sau da yawa, kuma da yawansu sun taɓa yin ciki kafin abin ya tsaya.

Wannan ya kamata a tsaya a kansa, don shi ne gindin maganar. Tsakanin ma'ajiyar ƙwai da mahaifa akwai siraran bututu guda biyu, ta cikinsu ƙwai ke bi ya haɗu da maniyyi. Ciwon sanyi da ake ɗauka ta saduwa, idan ba a yi maganinsa da wuri ba, ko aka yi wa mata aka bar miji, yana hawa ya kumbura bututun, ya warke da tabo, hanya ta rufe. Haka ƙazantar da ke shiga lokacin haihuwa, ko bayan ɓari da ba a wanke da kyau ba, ko zubar da ciki a hannun wanda bai san aiki ba. Wankin ciki da aka kankare fiye da kima yana iya manne bangon mahaifa, al'ada ta ɗauke. A Jihar Neja akwai ƙarin wata hanya da ba a cika zancenta ba. Jiha ce ta koguna da madatsun ruwa, Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, kuma inda yara ke wanka da wanki a ruwan da ke kwance akwai tsargiya. Mun san ta da fitsarin jini a jikin yara maza, amma a jikin 'ya mace ƙwayayen tsutsar kan maƙale a bakin mahaifa da bututu, su yi ɓarna shekaru kafin a yi mata aure. Maganinta ƙwaya ce da ake rabawa kyauta a makarantu. Yarinyar da ba ta zuwa makaranta ita ce rabon ke tsallakewa.

Duk waɗannan ba su buƙatar ɗakin gwaji na miliyoyi. Ungozoma mai horo suke buƙata, da safar hannu, da maganin kashe ƙwayoyin cuta na gaskiya, da ma'aikacin da zai ce wa mace, “Ki je ki zo da maigidanki.”

Sai aka shiga shekarun tsuke bakin aljihu. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, ɗan Minna, ta ɗauki shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP. Naira ta faɗi, magani ya yi tsada, asibitocin gwamnati suka koma rubuta wa majinyaci takarda ya je kemis ya saya. Ministan lafiya na lokacin, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ya yi aikin da ba za a manta ba wajen rigakafin yara da kafa ƙananan asibitoci a ƙananan hukumomi. A ƙarƙashinsa ne kuma, a 1988, aka fitar da manufar ƙasa ta farko kan yawan jama'a, wadda abin da kowa ya riƙe daga cikinta shi ne shawarar kada mace ta wuce 'ya'ya huɗu. Takardar ta ambaci taimaka wa ma'auratan da suka kasa haihuwa, amma kuɗin bai bi wannan layin ba. Tallafin da ke shigowa daga waje na ƙwayoyi ne da allurai da robar tazarar haihuwa, horon da aka ba ma'aikata ma a kan haka yake.

Ina ganin an yi asara a nan fiye da yadda ake zato. Mutumin Paiko ko Kuta da ya ga asibiti na da abin hana haihuwa kyauta, amma ba shi da komai ga ƙanwarsa da ta shekara goma tana nema, ba sai an gaya masa abin da zai zarga ba. Lokacin da jita-jitar cewa allurar shan inna na kashe ƙwayoyin haihuwa ta bazu a 2003, har Jihar Kano ta dakatar da rigakafin kusan shekara guda, maganar ƙarya ce, amma ta samu zukatan da suka daɗe da zargi. Da ɗakin tazarar haihuwa shi ne kuma ɗakin neman haihuwa, ma'aikaciya ɗaya na karɓar mai son hutu da mai son ciki, da an sayi amincin jama'a da araha. Taron Alƙahira na 1994 kan yawan jama'a ya faɗi haka ƙarara, ya sanya rigakafi da maganin rashin haihuwa cikin abin da ake nufi da lafiyar haihuwa. Nijeriya ta maimaita wannan a manufarta ta lafiyar haihuwa ta 2001. A kasafin kuɗi dai shiru.

Can a Legas, likitoci ba su zauna ba. Farfesa Oladapo Ashiru da Farfesa Osato Giwa-Osagie sun fara gwajin dashen ƙwai a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas tun farkon shekarun 1980, kuma a 1989 suka ba da labarin haihuwar jariri ta wannan hanya. Abin lura, a asibitin gwamnati aka fara, a daidai lokacin da asibitocin gwamnati ke rasa kuɗin sayen auduga. Aikin bai samu mai riƙe shi ba, sai ya koma hannun masu zaman kansu. A watan Fabrairun 1998 aka haifi jaririya ta hanyar dashe a asibitin Nisa na Dakta Ibrahim Wada a yankin Abuja, wanda shi ne karon farko da mutanen Arewa suka ji abin ya zo kusa da su. Bridge Clinic ta buɗe a Legas a 1999, Nordica ta biyo baya a 2003. Daga nan IVF, kamar yadda kowa ke kiransa, ya zama haja: mai kuɗi ya saya, marar kuɗi ya ji labari.

Ta fuskar addini, an daɗe da share hanya, ko da yake labarin bai iso gidaje da wuri ba. Tun a 1980 Shaihu Jadul Haƙƙ, wanda a lokacin shi ne Muftin Masar kafin ya zama Shaihun Azhar, ya ba da fatawa cewa dashe ya halatta matuƙar ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, kuma auren na nan. Shigo da na wani daga waje ko aron mahaifa bai halatta ba, saboda kare nasaba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tabbatar da wannan a zamanta na Amman a 1986. Masar ta ga jaririyarta ta farko ta hanyar dashe a 1987, kuma Jami'ar Azhar da kanta ta buɗe sashen dashe mai rahusa don marasa ƙarfi. Har yau a Minna za ka ji mai cewa neman haihuwa a asibiti shisshigi ne ga ikon Allah. Malamai sun amsa wannan: Allah ke bayarwa, Shi ke hanawa, amma Annabi Zakariyya bai daina roƙo ba har ya tsufa, kuma neman magani ba ya kore tawakkali.

Shekarar 1999 ce ta fi ba ni mamaki a wannan tarihi, domin a cikin makonnin ƙarshe na mulkinsa wani ɗan Minna, Janar Abdulsalami Abubakar, ya bar dokoki biyu a jere da suka shafi maganarmu. Doka ta 35 ta kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa, abin da aka fara zancensa tun 1962 a zamanin minista Dakta Moses Majekodunmi. Doka ta 36 ta kafa Asibitin Ƙasa na Abuja, wanda da farko aka gina shi don mata da ƙananan yara. Inshorar ba ta fara aiki ba sai 2005 a zamanin Shugaba Obasanjo, da ma'aikatan gwamnatin tarayya. Da aka jera abubuwan da shirin ba zai biya ba ko kwabo, dashen ƙwai na ciki, a sahu ɗaya da tiyatar gyaran jiki don kwalliya. Asibitin Ƙasa kuwa ya buɗe sashen dashe a 2006, asibitin koyarwa na Benin ya buɗe nasa a 2007. Gwamnati ta gina ɗakin da hannu ɗaya, ta cire shi daga inshora da ɗaya hannun. Kuɗin da ake biya a waɗannan sassa ya yi ƙasa da na 'yan kasuwa, amma daga aljihun majinyaci yake fita, da tsabar kuɗi, kafin a fara allura.

A tsakanin nan, a Afrilun 2001, shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja cewa kowace ƙasa za ta ware kashi 15 cikin 100 na kasafinta ga lafiya. Gwamnatin tarayya ba ta taɓa kusantar wannan ba. Har yanzu sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga hannun majinyata da danginsu yake fitowa.

Wasu ƙasashen sun ɗauki wata hanya, kuma ba duka don sun fi tausayi ba ne. Beljiyam a 2003 ta amince ta biya kuɗin ɗakin gwaji har sau shida ga mace, da sharaɗin a rage yawan ƙwan da ake dasawa lokaci guda. Dalilinta na lissafi ne: wanda ya tara kuɗin gwaji ɗaya da ƙyar yakan matsa a dasa masa uku ko huɗu, sai a samu 'yan biyu da 'yan uku bakwaini, su kwanta makonni a kwalba, gwamnati ta biya. Da ta ɗauki nauyin dashen, tagwaye suka ragu ƙwarai, kuɗin jinyar bakwaini ya sauka. Turkiyya ta shigar da dashe cikin inshorar gwamnati a 2005. Ingila ma, inda aka fara, hukumar da ke ba da shawara ta ce tun 2004 a yi wa mace 'yar ƙasa da shekara 40 gwaji uku kyauta, amma yankuna da yawa ɗaya suke biya. Ko a wajen masu arziki maganar ba ta da sauƙi.

A Minna, abin da aka samu a waɗannan shekaru ya zo ne ta ƙofar kula da masu ciki. A zamanin Gwamna Mu'azu Babangida Aliyu, daga 2007 zuwa 2015, aka samu asibitin mata masu haihuwa da jarirai mai sunan Jummai Babangida Aliyu, ƙari a kan Babban Asibitin Minna da Asibitin Ƙwararru na IBB da ke Chanchaga, ga kuma Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Bida. Daga 2015 zuwa 2023 matar gwamna, Dakta Amina Abubakar Bello, likitar mata ce, kuma gidauniyarta ta RAiSE ta yi aiki a kan yoyon fitsari da gwajin sankarar mama da ta bakin mahaifa. Ko ba a kira shi da sunan ba, duk macen da aka yi wa tiyata a kan lokaci, ko aka ba maganin da ya dace bayan ɓari, an kare mata haihuwar gaba. Wannan riba ce ta gaske. Sai dai wadda ɓarnar ta riga ta same ta, ita har yanzu babu wani shiri mai sunanta.

Dokar Lafiya ta Ƙasa da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don asusun kiwon lafiya na matakin farko, kuma a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. Sharaɗin cin gajiyar asusun ya sa jihohi kafa hukumomin inshorarsu, Jihar Neja ta kafa tata, NiCare, a zamanin Gwamna Abubakar Sani Bello. A watan Mayun 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar da ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, ta kuma tanadi asusu don masu rauni. Muhimmancin wannan ga maganarmu shi ne, yanzu akwai teburi a cikin Minna inda ake zama a yanke abin da inshora za ta biya da abin da ba za ta biya ba. Da can sai Abuja.

Yau idan ma'aurata a Kpakungu ko Maitumbi suka shekara biyu shiru, ga yadda abin kan tafi. Matar ce ke fara yawo, yawanci ita kaɗai. Kemis ya ba ta maganin sanyi, mai maganin gargajiya a kasuwa ya ba ta na wankin mara, a wani shagon a ce jinnul ashiƙ ne, a haɗa mata zuma da habbatus sauda da ruƙiyya. Kowanne kuɗi ne, kaɗan-kaɗan, amma in an tara na shekara biyar ya isa ya biya duk gwaje-gwajen asibiti har da canji. Lokacin da za ta isa gaban likitan mata shekarunta sun ja, kuma shekaru su ne babban jarin mai neman haihuwa, domin ƙwai na raguwa yana kuma raunana, musamman bayan 35. Likita ya rubuta sikanin, gwajin jini, hoton mahaifa da ake tura ruwa a ga ko bututu a buɗe yake, da gwajin maniyyi. A nan tafiya takan tsaya. Gwajin maigida shi ne mafi araha da sauƙi a cikinsu, kuma likitoci sun tabbatar cewa kusan rabin matsalar ma'aurata akwai hannun ɓangaren namiji a ciki, amma shi ne wanda aka fi ƙin yi. “Ni lafiyata lau,” in ji shi, domin ya ɗauka ƙarfin kwanciya da ingancin maniyyi abu ɗaya ne. Wani ya ƙara aure, ya ƙara na uku, gida ya cika da mata ba kukan jariri, kowacce tana shan magani.

Idan aka gano bututu biyu sun toshe, ko maniyyi ya yi ƙaranci sosai, sai a ce musu su kama hanyar Suleja zuwa Abuja. Gwaji ɗaya miliyoyin naira ne, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 ya ƙara tashi, don alluran da ruwan renon ƙwai duk daga waje ake shigo da su. Mafi ƙarancin albashi da Gwamna Umaru Bago ya amince da shi a 2024 naira 80,000 ne. Ma'aikacin da ke kan wannan mataki, ko bai ci bai sha ba shekara guda, naira 960,000 zai tara, ba ta kai kuɗin gwaji ɗaya ba. Kuma ko a manyan cibiyoyin duniya, gwaji na farko ya fi yawan faɗuwa a kan dacewa. Ana sayar da fili, ana cin bashin ƙungiyar ma'aikata, ana dawowa hannu biyu.

Tsohon tanadin dangi kuwa ya yi rauni. Ma'aikacin da ke haya ɗaki biyu a Tunga, danginsa na Kontagora ko Sakkwato, ba kamar mai zaune a babban gida ba ne. Kuɗin makaranta ya sa riƙo ya yi nauyi, iyaye ma ba su cika sakin 'ya'yansu kamar da ba. Macen da ba ta haifa ba, in miji ya rasu ya bar 'ya'ya da wasu matan, ɗan abin da ta samu cikin tumunin takaba shi ne nata, gidan kuma na masu 'ya'ya ne. Bahaushe ya ce haihuwa maganin mutuwa. A ƙasar da babu fansho ga manomi da mai tuyar ƙosai, haihuwa ita ce kuma abincin tsufa.

Inda gwamnati ba ta sa kuɗi ba, ba ta sa ido ba. Ƙudurorin tsara aikin dashe sun sha shiga Majalisar Tarayya suna fita ba su zama doka ba. Jihar Legas ce ta fitar da nata ƙa'idojin a 2019. Babu wata hukumar ƙasa da ke tilasta wa cibiya ta bayyana gaskiyar yawan waɗanda suka haihu a hannunta, ko ta kare 'yan matan da ake ɗibar ƙwansu don kuɗi. A ƙarshen 2024 wani binciken BBC ya tona yadda wasu a Jihar Anambra ke yi wa mata allura cikinsu ya kumbura, a ce musu ciki ne da sikanin ba ya gani, a ƙarshe a miƙa musu jaririn da aka sayo. Gidauniyoyi irin ta marigayiya Ibidunni Ighodalo sun biya wa wasu ma'aurata kuɗin dashe, Allah Ya saka musu, amma 'yan ƙalilan ne cikin dubbai.

Akwai mai cewa, a jihar da mata ke mutuwa wajen haihuwa, zazzaɓin cizon sauro ke kashe yara, 'yan bindiga suka kori ƙauyuka a Shiroro da Munya da Rafi, wane mai hankali ne zai ɗauki kuɗin jama'a ya biya wa mutum ɗaya dashe? Maganar tana da nauyi, kuma ban ce a fara da dashe ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda aka mai da tsadar matakin ƙarshe hujjar ƙin taka matakin farko har shekara hamsin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kusan mutum ɗaya cikin shida na fuskantar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma adadin bai bambanta sosai tsakanin ƙasashe masu arziki da matalauta ba. Yawan 'ya'yan maƙwabciya bai taɓa share hawayen wadda ba ta da ko ɗaya ba.

Abin da jiha za ta iya ba ya buƙatar jiran Abuja. Hukumar inshora ta jiha na da ikon rubuta gwajin maniyyi, sikanin, hoton mahaifa, gwajin sinadaran jiki da ƙwayoyin da ke sa ƙwai ya nuna a cikin abin da take biya, ta kuma shelanta shi a rediyo da Hausa da Nufanci da Gwaranci, da sharaɗin mata da miji su zo tare. Ma'aikatar lafiya na iya sa kowane ƙaramin asibiti ya riƙa rubuta masu zuwa da wannan kuka, domin abin da ba a ƙirga ba ba ya shiga kasafi. Ana iya kai maganin tsargiya ga 'yan matan da ba sa makaranta ta hannun masu unguwanni da makarantun Islamiyya. Tiyatar cire ƙari a mahaifa da ta buɗe mannewa, likitocin Minna da Bida sun iya, rahusa ake nema. Bayan an yi waɗannan ne za a san adadin waɗanda ba abin da zai yi musu sai dashe, kuma a lokacin ne zancen sashe guda na gwamnati a Minna, ko yarjejeniya da Asibitin Ƙasa a biya wa marasa ƙarfi gwaji ɗaya ko biyu, zai zama lissafin da kwamishinan kuɗi zai iya dubawa ya sa hannu.